Tambaya da Amsa: Ɓeran Dausayi, Annoba a Wata Ƙasa, Ɗan Lele a Wata

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan wata ƙaramar dabba ta ƙasashen sanyi, wadda Turawa ke kira "bol". Da yake ba ta da suna a Hausa, za mu riƙa ce mata ɓeran dausayi, domin rayuwarta gaba ɗaya a cikin ciyawa take.

Wani malamin kimiyya daga Zariya: A littattafan da muke koyarwa da su ana yawan kawo wannan dabba a misalin wa ke cin wa. Na ga hotonta, ni dai ɓera na gani. Ɓera ce ko jaba? Muna da ita a nan?

Malam, jaba dai cire ta daga lissafi. Jaba ƙwari take ci, haƙoranta masu tsini ne, ba ta cikin dangin masu gwaguya ko kaɗan. Ɓeran dausayi kuwa mai gwaguya ne, amma gidansu daban da na ɓeran ɗaki. Masana sun sa shi a rukunin Arvicolinae, mai nau'i wajen 150, kuma jinsin Microtus kaɗai ya kwashe kimanin 60 daga ciki.

In ka ajiye shi kusa da ɓeran ɗaki, ga abin da za ka gani: hancinsa a dakushe yake, kunnuwansa ƙanana sun nutse cikin gashi, idanunsa 'yan mitsi-mitsi, jikinsa a dunƙule, wutsiyarsa kuma gajeruwa ce, a yawancin nau'o'in ba ta kai rabin jiki ba. Nauyin nau'in da ke zama a fili gram 20 zuwa 50 ne. Ɓeran ɗaki ɗan tsalle ne da hawan bango yana neman hatsi. Wannan kuwa yana sharar 'yan hanyoyi ne masu faɗin yatsu biyu zuwa uku a ƙarƙashin ciyawa, yana bin su dare da rana yana yankar ganye da saiwa.

Mazauninsu Turai ne da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa. A duk faɗin Afirka wuri ɗaya aka san suna zaune, wato tsaunukan Jabal Akhdar da ke gabashin Libiya, inda ake samun ruwan sama da sanyi irin na bakin Bahar Rum. Hamadar Sahara ba su ƙetare ta ba. Sai dai sana'ar tasu akwai mai yin ta a wajenmu: ɓeran ciyawa da masana ke kira Arvicanthis niloticus, wanda ke yawo da rana a fadamu da gefen gonakin shinkafa, shi ma yana share hanyoyi cikin ciyawa. Shi dangin ɓeran ɗaki ne, kamar da suka yi ta zo ne daga irin abincin da irin wurin zama. Idan kana son misalin da ɗalibanka za su iya gani da idonsu, shi za ka kawo musu.

Wata ɗalibar jami'a daga Kano: Na ji ana cewa masu tonon kayan tarihi suna gane shekarun wuri da haƙorin wannan ɓera. Ta yaya haƙorin da bai kai ƙwayar shinkafa ba zai faɗi shekaru?

Malama, tambayarki ta taɓo ainihin sirrin dabbar. Ciyawa abinci ne mai cin haƙori, domin akwai silika a cikin ganyenta, wato sinadarin da yashi ya ƙunsa, ga kuma ƙurar da ke manne mata. Dabbar da ta dogara da ciyawa, in turamen bakinta gajeru ne, za su side kafin ta gama haihuwa.

Ɓeran dausayi haƙora 16 gare shi: huɗu na gaba, turame 12. Na gaban, kamar na kowane ɓera, ba sa daina tsiro. Abin da ya bambanta shi yana cikin turamen. Saman turminsa shimfiɗaɗɗe ne, kuma farin ɓawon haƙorin ya nannaɗe ya fitar da jerin kusurwoyi masu baki uku-uku, hagu da dama, kamar haƙoran zarto. Gefen kowace kusurwa wuƙa ce, idan muƙamuƙi ya goga gaba da baya sai ta daddatse ganyen.

Burbushin da aka tono ya nuna cewa kakannin wannan rukuni, shekaru miliyan 5 ko fiye da suka wuce, turamensu gajeru ne masu saiwa. Da tafiya ta yi tafiya turamen suka riƙa tsawo, saiwar tana jinkirin fitowa, har a wasu zuriyoyin ta daina fitowa sam. Haƙori marar saiwa ba ya rufewa daga ƙasa, saboda haka yana tsiro muddin rai, sama na sidewa ƙasa na turowa. Na Microtus haka suke. Ɓeran dausayi na kurmi mai jan baya kuwa har yau turamensa suna yin saiwa idan ya manyanta, kuma ba mamaki, domin abincinsa ya haɗa da 'ya'yan itace da iri masu taushi.

Agogon da kika ji labari ya fi aiki a zuriyar ɓeran bakin ruwa na Turai. Akwai tsohon nau'i mai suna Mimomys savini, turamensa da saiwa. Wajen shekaru 600,000 zuwa 500,000 da suka wuce sai Arvicola marar saiwa ya maye gurbinsa. To idan aka tono kayan aikin dutse a wani sashe na ƙasa, aka wanke buhunan ƙasar a rariya mai ƙananan ido, aka tsince haƙoran, ana duba turmin farko na muƙamuƙin ƙasa. A Pakefield da ke Ingila, da kogon Gran Dolina na Atapuerca a Sifaniya, Mimomys aka samu tare da alamun mutane, shaidar cewa sun girmi wancan sauyi. A Boxgrove, ita ma a Ingila, Arvicola aka samu, kuma ana ƙiyasta wurin da shekaru wajen 500,000.

Bayan sauyin ma agogon bai tsaya ba. A tsofaffin Arvicola ɓawon ya fi kauri a bayan kowace kusurwa ta turmin ƙasa, a na arewa maso yammacin Turai na yanzu kuwa ya fi kauri a gabanta. Ana auna kaurin biyu a madubin ƙara girma, a raba na baya da na gaba, a ninka da 100. Sakamakon da ya haura 100 sosai tsohon zamani yake nunawa, wanda ya gaza 100 na kusa ne.

Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka agogon gudunsa ɗaya a ko'ina. Ɓerayen kudu sun daɗe da tsohon fasali fiye da na arewa, kuma duk lokacin da ƙanƙara ta janye, wasu sukan yi ƙaura su gauraya da wasu. Haƙori ɗaya ma ba hujja ba ne, ana son da dama daga sashe guda. Agogon yana faɗin wane wuri ya girmi wane, amma adadin shekaru sai an haɗa da wasu hanyoyin awo.

Saurin sauyin nasu bai tsaya ga baki ba. Microtus ya rarrabu zuwa nau'o'insa ne a cikin shekaru miliyan 2 kacal, kuma yawan kuromozom, wato ƙunshin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki, a jinsin ya kama daga 17 har ya haura 60. Wani ɗan'uwansu mai zama a ƙarƙashin ƙasa a yankin Kokeshiya da Iran, Ellobius lutescens, namijinsa ba shi da kuromozom Y ɗungurungum, wato wanda ke sa a zama namiji a yawancin dabbobi masu shayarwa, amma ana haifar maza da mata lafiya lau.

Wani mai karatu daga Maraɗi: Me ke sa su cika ƙasa a shekara guda, shekara mai zuwa a neme su a rasa?

Hawan ba shi da wuyar ganewa. Cikin macen kwana 20 ne ko 21, takan haifi biyar ko shida, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. 'Yarta, a nau'in da ya fi yawa a gonakin Turai, tana iya ɗaukar ciki tana da mako biyu zuwa uku a duniya. Kafin uwa ta yi haihuwa ta uku, jikokinta sun iso. Yawancinsu ba sa wuce 'yan watanni, wanda ya shekara ya yi dogon rai. A shekarar annoba akan ƙirga sama da 1,000 a hekta ɗaya.

Faɗuwar ce ta hana masana barci tun 1924, lokacin da Charles Elton na Oxford ya nuna cewa hawa da saukar a kan tsari suke, duk shekara uku zuwa biyar. A arewacin Finlan da Norwe zagayen ya fi tsawo da tsanani, yana sassautawa in an gangaro kudu.

Bayanin da ya fi karɓuwa a arewa ya rataya ne a wuyan wata 'yar mitsitsiyar maciya nama, dangin bodari, da ake kira wizil. Siririya ce har tana bin ɓeran cikin raminsa da ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma kusan ba ta da wani abincin. Idan ɓeraye suka yawaita, ita ma sai ta hayayyafa, amma a makare. Lokacin da ta kai ganiyarta ɓerayen sun fara raguwa, sai ta bi sauran ta ƙarasa su, daga nan yunwa ta kashe ta, fili ya koma na 'yan tsirarun da suka tsira. Wannan makarar ita ce ke haifar da zagaye. A kudu kuwa akwai yanyawa da shaho da kyanwa masu cin duk abin da ya samu. Ɓera ya yi yawa su far masa, ya ragu su koma kan zomo da tsuntsu. Su ba sa ƙarewa, saboda haka suna danne hawan tun da wuri.

Bayanin yana da daɗin ji, amma bai rufe zancen ba. A dajin Kielder da ke arewacin Ingila an kama wizil an rage su a wasu filaye, ɓerayen suka faɗi duk da haka. Wasu masanan suka juya ga ciyawar kanta: idan aka yi mata kiwo mai tsanani, sabon tohon da take fitarwa yakan ƙara silika, sai ɓeran ya ci ya ƙoshi amma jikinsa bai amfana ba. Akwai kuma cututtuka da cunkoso. A ganinmu, mai neman dalili guda da zai yi aiki daga Lapland da ke can arewacin Turai har Sifaniya zai daɗe yana nema.

Tun daga shekarun 1980 an lura zagayen ya yi rauni a wurare da dama na Turai. Ɗaya daga cikin abin da ake zargi shi ne sauyin hunturu. Dusar ƙanƙara bargo ce a gare su, tsakaninta da ƙasa akwai sarari mai ɗumi inda suke kiwo a ɓoye. Idan aka yi ruwan sama a kanta ya daskare, sai ƙanƙara ta like ciyawar. Rashin shekarun yalwa kuma yana taɓa mujiyoyi da yanyawar arewa, waɗanda ba sa haihuwa sosai sai a irin waɗannan shekaru.

Wani ɗan'uwa da ke aikin gona a Jamus: Gonar da nake aiki akwai alkama da lambun tuffa. Ɓerayen nan sun huda ko'ina, sun kuma kashe mana ƙananan itatuwa. Me ya kamata a yi, kuma me ya sa ba a barin mu watsa guba?

Ɗan'uwa, kafin magani a fara da awo. Yawan ramuka ba ya nuna yawan ɓeraye, domin rami yana daɗewa bayan mai shi ya mutu. Hanyar da manoman Jamus ke bi ita ce a auna fili mita 16 a kan mita 16, wato kimanin murabba'in mita 250, a tattake kowane rami a toshe shi, a dawo bayan awa 24 a ƙirga waɗanda aka sake buɗewa. A alkamar hunturu, idan sun kai biyar zuwa takwas, lokacin ɗaukar mataki ya yi. A yi awon a wurare da dama, har da gefen gona, don daga can suke shigowa.

A gonar hatsi babban makami garma ce. Sheƙarsu da rumbunsu ba su da zurfi, huɗar da ta wuce santimita 20 tana rusa yawancinsu. Gonar da aka daina huɗa, da ta alfalfa, wata harawar dabbobi, da ke shekara uku ko huɗu ba a taɓa ƙasarta ba, su ne matattara. Bayan girbi a kwashe tattaka ko a daddatse ta a baza, kada a bar ta tsibi-tsibi. A yanke ciyawar gefen gona gajeruwa, a kakkafa sanduna masu tsawon mita 2 zuwa 3 da ɗan gicciye a sama don shaho da mujiya su samu wurin tsayawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: duhuwar ciyawa ce ke kiransu.

A lambu ɓarnar daban ce. Da hunturu, in ganye ya yi wuya, sai su gwaguye ɓawon gindin itace. Ƙarƙashin ɓawon nan ne abincin da ganye ya sarrafa ke bi ya sauka zuwa saiwa. Idan suka zagaye gindin gaba ɗaya, itacen zai iya yin toho da bazara kamar lafiya, domin ruwa na hawa ta cikin itacen, amma saiwar tana mutuwa da yunwa, sai a wayi gari ya bushe. Kariyar ita ce ragar waya mai ido milimita 6, a naɗa ta kamar bututu a gindin, tsayinta santimita 45 zuwa 60 ko ta ɗara inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, a binne santimita 5 zuwa 8 a ƙasa, a bar sarari don itacen ya yi kauri. Ragar kaji ba ta aiki, idonta ya yi faɗi. A share ciyawa da ciyayin rufi kimanin mita ɗaya kewaye da gindin. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara taki ko ɓawon katako har ya taɓa jikin itacen, wato an gina wa ɓera ɗaki a bakin tukunya. Itacen da aka riga aka zagaye ana iya ceto shi da farkon bazara ta hanyar aure: a yanko 'yan rassa a dasa su su haɗa ɓawon sama da na ƙasa kamar gada. Ragar ba ta hana nau'in da ke cin saiwa daga ƙarƙashin ƙasa. Shi sai an sa kwandon waya a ramin tun ranar dashe.

Tarko yana aiki a ƙaramin lambu. A gitta shi a kan hanyarsu, harshen yana tsakiyar hanyar, a kifa wani abu a kai don tsuntsaye, a duba safe da yamma.

Batun guba kuwa, Sifaniya ta riga ta biya kuɗin karatun. Filayen Castilla y León busassu ne, da can ɓeran dausayi bai dame su ba. Da noman ban-ruwa da alfalfa suka bazu daga shekarun 1970, sai ya gangaro daga tsaunuka ya mamaye. A 2007 aka yi gagarumar annoba, aka baza hatsi mai gubar da ke hana jini daskarewa. Irin wannan guba tana ɗaukar kwanaki kafin ta kashe, ɓeran yana yawo a galabaice, shi ne kuma ya fi sauƙin kamawa. Aka riƙa tsintar gawar shirwa da shaho da zomaye da tantabaru. An gudu gara an tarar da zago, domin maciya ɓeran a shekara suke haihuwa sau ɗaya, shi kuwa duk mako uku. Shi ya sa a Jamus abin da aka yarda da shi a fili shi ne hatsi mai sinadarin zink fosfaid, wanda ke sakin iska mai guba idan ya haɗu da ruwan ciki, kuma ba ya taruwa a jikin gawa kamar wancan. Shi ma da sharaɗi: 'yan ƙwayoyi ake zurawa can cikin rami da wani bututu, ba a barin ko ɗaya a sarari, kuma sai mai takardar izini. Laima tana lalata shi, saboda haka a ranar da ƙasa ta bushe ake sa shi.

Masu noman rani a wajenmu su lura da labarin Sifaniya. Ɗanyen ganye shekara zagaye abin da ɓeran ciyawa ke so ke nan, kuma gindin madatsai da bakin kwalbatoci masu duhuwa nan yake kwana.

Wata Hajiya daga Gusau: Wai da gaske ne akwai ƙasar da ake gina wa mujiya ɗaki?

Da gaske ne, Hajiya. A 1983 aka fara kafa akwatuna a gonakin Sde Eliyahu da ke kwarin Urdun a Isra'ila, don maganin ɓeran dausayin da ke cinye alfalfa. Kafin nan gubar da aka yi ta zubawa tun shekarun 1950 ta kusa ƙarar da tsuntsaye masu farauta a ƙasar. Yanzu akwatunan sun kai dubbai, aikin ya shiga gonakin Falasɗinawa da na Urdun, inda su ma manoma da yawa suke ɗaukar mujiya a matsayin tsuntsuwar rashin sa'a, sai da aka sha fama kafin su karɓa. A Sifaniya ma an koma ga wannan dabara bayan 2007.

Farar mujiyar da ake amfani da ita ita ce dai wadda ke kwana a tsofaffin soraye da kogon kuka a ƙasar Hausa. Babba tana cin ƙananan ɓeraye uku ko huɗu a dare, tana yin ƙwai huɗu zuwa bakwai, kwanci wata guda, 'ya'yan su yi wata biyu ana ciyar da su. Gida ɗaya yana lashe dubban ɓeraye a shekara.

Akwatin yana son ƙofa mai faɗin santimita 12 zuwa 13, da zurfin santimita 45 daga ƙofar zuwa daɓe don kada 'ya'yan su faɗo, a ɗora shi a kan sanda mita 3 ko fiye. A ƙasa mai zafi abin da ke kashe 'ya'yan shi ne rana: a yi masa rufi biyu, a huda kafofin iska, a shafa farin fenti, ƙofar kada ta kalli yamma. A nisanta shi da babban titi, kuma in an kafa shi a daina zuba guba a kewayen. Mujiya tana rage ɓarna a shekarun da aka saba, amma ba ta iya tsayar da babbar annoba ita kaɗai.

Mai son sanin abin da mujiyar unguwarsu ke ci ya tsinci curin gashi da ƙashi da take amayarwa a ƙarƙashin makwancinta, ya jiƙa a ruwa, ya warware da tsinke, hannu cikin safa. Ƙoƙon kan ɓerayen yana fitowa sarai.

Wani ɗalibi daga Yamai: Idan ɓarna suke yi haka, me ya sa Ingila take kashe kuɗi tana kiwon su tana saki?

Nau'in daban ne. Wannan ɓeran gaɓa ne, Arvicola amphibius, babba mai gram 150 zuwa 300, mai haƙa rami a gaɓar rafi yana cin ciyayin bakin ruwa. Ƙidayar da aka yi a Birtaniya a 1989 zuwa 1990, da wadda aka maimaita a 1996 zuwa 1998, sun nuna ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Abu biyu suka haɗu. An gyara koguna an miƙar da su, shanu sun tattake gaɓa, aka bar shi a 'yan guntayen wurare. Sannan ga minki, wata dabbar Amurka dangin bodari da aka shigo da ita a shekarun 1920 don fatarta, ta kuɓuce daga gidajen kiwo, aka tabbatar tana haihuwa a daji a shekarun 1950. Ɓeran gaɓa dabararsa biyu ce: ya faɗa ruwa ya tayar da laka, ko ya shige rami. Zalɓe da yanyawa wannan ya ishe su. Minki kuwa tana iyo, macenta kuma tana shiga ramin. Mace guda mai shayarwa tana iya share dogon yanki na rafi a kaka ɗaya.

Saboda haka duk wanda ya saki ɓeraye bai kawar da minki ba, abinci ya kai mata. A farkon shekarun 2000 aka ƙirƙiro wani ɗan kwale-kwale na gano ta: faifan katako biyu da soso mai yawo a ruwa a tsakaninsu, da ɗan rami na katako a sama. A cikin ramin akwai kwando da soson da ke tsotso ruwa, an shafe samansa da yumɓu gauraye da yashi, kullum a jiƙe. Minki ba ta ganin rami ta wuce, sai ta bar sawu. Ana ɗaure ɗaya a kowace kilomita, a duba duk mako ɗaya ko biyu. In an ga sawu sai a sa tarkon keji, wanda dole a duba kullum. Yanzu akwai tarkunan da ke aika saƙo ta waya da zarar sun rufe. Matsalar ita ce in aka tsaya, wasu sukan gangaro daga maƙwabtan koguna, shi ya sa aikin sai a faɗin yanki gaba ɗaya, shekara da shekaru.

Daga nan a gyara gaɓa: a yi shinge don dabbobi, in za a yi yankan ciyawa a yi gefe ɗaya a bar ɗayan sai wata shekara. Wurin saki kuma, kamar yadda aka yi a Kielder daga 2017, ana ajiye 'yan ciki ɗaya a keji a bakin ruwa na 'yan kwanaki ana ba su tuffa da karas, sannan a buɗe musu ƙaramar kafa su riƙa fita suna dawowa har su haƙa nasu. Ana gane sun zauna da alamu: ramuka masu faɗin santimita 4 zuwa 8, tarin kashi mai dakusassun baki marar wari, da guntayen ciyawa da aka yanke a karkace.

Abin dariyar shi ne, a tsaunukan Faransa dangin wannan ɓera na kusa suna zaune a ƙarƙashin makiyaya nesa da ruwa, kuma makiyayan can annoba suka ɗauke su. Akwai kuma waɗanda suka fi na Ingila shiga haɗari, irin na Amargosa da ya rage a 'yan fadamun maɓuɓɓuga kusa da Tecopa, a hamadar Mojave ta Kalifoniya.

Wata mai karatu daga Kumasi: An ce akwai wanda ke zama da mace ɗaya har mutuwa?

Akwai, Microtus ochrogaster na filayen tsakiyar Amurka ta Arewa. Namiji da mace suna sheƙa ɗaya, suna renon 'ya'ya tare, suna korar baƙo. Danginsa na kusa kuwa ba ruwansu da haka. Bincike ya danganta bambancin da yadda masu karɓar oksitosin da basofuresin, wasu sinadarai biyu na jiki masu alaƙa da shaƙuwa, suka bazu a ƙwaƙwalwa. Amma a 2023 aka fitar da sakamakon gwajin da aka cire musu mai karɓar oksitosin tun suna ƙwai, suka girma suka yi zaman nasu na biyu-biyu. Gwajin jini ya kuma nuna ba duk 'ya'yan sheƙa ne na maigidan ba.

Wani ma'aikacin lafiya daga Jos: Suna ɗauke da cuta kamar yadda namu ke ɗauke da Lassa?

Suna ɗauke da ita. Na kurmi mai jan baya yana yaɗa ƙwayar Puumala, wadda aka raɗa wa sunan wani gari a Finlan. Tana cikin dangin da ake kira hantabairos, amma kada sunan ya ruɗe ka: daga kogin Hantan na Koriya aka samo shi, kuma ƙoda wannan take kamawa. Tana zuwa da zazzaɓi da ciwon baya da raguwar fitsari, yawanci ana warkewa. A Jamus da Beljiyam masu kamuwa sukan ƙaru a shekarar da ta biyo bayan wadda itatuwan kurmi suka zubar da 'ya'ya da yawa. Annobar 2007 a Sifaniya kuma ta zo da ɓarkewar tularemiya a cikin mutane, wata cutar zazzaɓi da ake ɗauka daga ɓeraye da zomaye.

Puumala ta hanci take shiga, daga ƙurar busasshen fitsari da kashi a ɗakin itace ko sito. Matakin kariyar zai yi amfani a duk rumbu ko ɗakin ajiyar da ɓeran Mastomys mai ɗauke da Lassa ya shiga: a buɗe ƙofa da taga na minti 30 kafin a fara aiki, kada a yi shara a bushe, a sa safar hannu da takunkumi, a haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara a jiƙa kashin da sheƙar, a jira minti biyar, a kwashe da tsumma ko takarda a ƙulle a leda, sannan a wanke hannu da sabulu.